Ɗan Farin Inna

Ni ban iya zama wuri ɗaya ba, kuma ban iya riƙe magana a ciki ba. Mahaifiyata ta sha faɗa mini cewa ko a goye sai na yi ta zillo har zani ya kwance. Don haka da aka ce ana neman malamar da za ta koya wa yara karatun boko a wani gidan marayu da ke gefen garin Faskari, ban tsaya dogon shawara ba. Na bar Ƙanƙara da akwati ɗaya da buhun littattafai, 'yan gidanmu na cewa ba zan yi wata ba za su gan ni na dawo. Na yi shekaru a gidan nan, sai dai ban taɓa zama a cikinsa hankali kwance ba.

Wani Alhaji mai fataucin hatsi ne ya ba da gidan. Tsohon wurin ajiyar buhunansa ne aka raba ɗakuna, shi ya sa ko da damina in ka shiga sai ka ji ƙamshin dawa. Yaran duk daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa ne, wasu daga wajen Tafoki, mafi yawansu daga dazukan Sabuwa. Akwai wanda aka tsinta a gonar masara, akwai wadda aka sauko da ita daga bayan uwarta bayan uwar ta cika. A bakin ƙofa muna da Baba mai gadi, tsohon Bamaguje ne da ya koma zuwa coci da girmansa, shi ke share zaure, shi ke noma 'yar gonar bayan gida, shi ke yi wa yara aski.

Amma wadda ke riƙe da gidan Inna ce. Haka yara ke kiranta, mu ma muka bi. Doguwar mace ce marar yawan magana, ta fito daga wani ƙauye na Sabuwa bayan an kashe mijinta a gona. Ban taɓa ganin mai hannun riƙon yara irin nata ba. Ta san wanda ke fitsarin kwance, ta san wanda ba ya son a rufe ƙofa, ta san wadda ke ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma saboda ta taɓa kwana da yunwa a daji. Kowa da sunan da ta raɗa masa. In babur ya yi ƙara a waje yara suka firgita, cinyarta suke yi wa tsinke, ta tara su kamar kaza da 'yan tsaki, tana ci gaba da tsince shinkafarta.

Akwai wani saurayi a gidan, ya fara tsiro da gashin baki, yara na ce masa Kawu. Shi ke jan ruwa, shi ke faskare, shi ke zuwa kasuwar Yankara ya lodo mana hatsin da Alhaji ya saya. Yana da ɗakin tantabaru da ya gina da kansa a jikin katanga. Na daɗe ina ɗaukarsa a matsayin babban marayan gidan. Na ma fara jin haushin Inna a kansa, don shi kaɗai ne ba ta kallo. In ya shigo tsakar gida sai ta juya baya. In ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Abincinsa a ajiye take barinsa a bakin madafa, kamar na baƙon da ba a so.

Wata rana na kasa haƙuri na tambayi Baba mai gadi laifin da yaron ya yi mata. Tsohon ya ajiye askarsa ya yi ta dariya har da tari.

"Malama, ke ba Bahausa ba ce? Ɗan farinta ne fa."

Sai kunya ta kama ni, don abin ba baƙo ba ne a wurina. Kakata ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babban kawunmu ba. Mace mai kara ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, ko kuka yake yi sai wata ta ɗauka. A ƙauyensu Inna abin yabo ne, ana misali da ita. Da aka yaye yaron, ɗakin kakarsa aka kai shi. Can ya tashi cikin ƙannen ubansa, yana jin suna ce wa matar wansu Yaya, shi ma ya kama. Wato a gidan nan duk ɗan da wata ta haifa yana ce mata Inna, ɗan da ta haifa da cikinta yana ce mata Yaya.

Ni ba na zagin al'ada, na san dalilinta. Uwa na janye hannu ne saboda hannaye sun yi yawa. Ga kaka da za ta shagwaɓa shi, ga gwaggo da za ta ɓoye masa ƙanzo, ga baffa da zai ɗora shi a keke. Ɗan fari a gidan gandu ya fi kowa gata. To amma kakar yaron nan ta rasu a kan hanyar gudu, ƙannen ubansa sun watse, wani yana Zariya, wani ba a san inda yake ba. Duk masu yi masa gatan sun tafi, kunyar kaɗai ta iso Faskari lafiya. Inna kuwa ta ci gaba da yinta tsaf, kamar surukarta na zaune a bakin ɗaki tana kallo.

Kafin in ankara na zama 'yar aike a tsakaninsu. Yana tsaye a gabanta za ta ce, "Malama, ki ce ma wancan icce ya ƙare." In juya in ce masa icce ya ƙare. Ya ce, "Ki ce ma Yaya sai gobe." In juya in ce sai gobe. Da farko dariya abin ke ba ni, har ina ƙara gishiri, ina cewa a biya ni ladan tafinta. Ita ta kan murmusa ta rufe baki da gefen mayafi. Shi bai taɓa dariya ba.

A shekarar da aka sake buɗe kasuwannin da aka rufe saboda 'yan bindiga, wasu baƙi suka zo daga birni suka tara masu kula da gidajen yara irin namu. Sun zo da majigi da ruwan roba, suka yi mana bayani kan yadda masu tsattsauran ra'ayi ke farautar yaran da ba su da kowa. Na tafi da niyyar gyangyaɗi, don na saba da taron da ake gama shi a hoto. Amma wata mata a cikinsu ta yi maganar da ta zauna mini. Ta ce ba wa'azi ke fara jan yaro ba, wanda ya fara zama ya saurare shi ne ke jansa. Ta ce mu riƙa zama da yaranmu ɗaya bayan ɗaya, mu dube su, mu tambaye su abin da ke cin ransu.

Inna ba ta je ba, ba ta kuma iya karatu ba, amma da na kawo mata labari ta fi mu duka riƙe darasin. Tun daga ranar, bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, ta kira yaro ɗaya, tana yanke masa farce tana jan shi da hira. Yara suka riƙa amayar da abubuwan da ko ni ban taɓa ji ba. Ta bi su kaf, har wanda bai gama iya magana ba. Kawu yana wucewa da bokitin ruwa ta gefen tabarmar, ya wuce ya dawo, ya wuce ya dawo. Layi bai taɓa zuwa kansa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin ya fara ne da daɗewa a kasuwa. Mota ta dawo da buhuna, shi sai can da yamma ya biyo wata. Daga nan ya daina bin limamin unguwa salla, ya ce limamin yana yi wa gwamnati addu'a. Ya samo wata 'yar waya ya riƙa cusa abin ji a kunne yana shiga bayan ɗakin tantabaru. Sai ya daina gaishe da Baba mai gadi, mutumin da ya koya masa riƙon gatari. In tsohon ya ɗebo ruwa a randa, yaron ya zubar ya wanke moɗa. Baba dai ya sayo tasa moɗar ya rataye a zaure. Ranar da na ga moɗar nan a rataye, abinci bai shiga cikina ba.

Ana wata ga wata. Wata safiya na shiga aji na ce a buɗe littafin lissafi, sai wani ɗan ƙaramin yaro, wanda ko wandonsa bai iya ɗaurewa ba, ya naɗe hannu ya ce shi ba zai yi karatun kafirai ba. Na ce wa ya faɗa masa. Ya ce Kawu ya ce akwai mutanen kirki a daji da za su rama musu kisan iyayensu, kuma in sun girma zai zo ya tafi da su, kowa a ba shi babur. Sauran yaran suka zuba mini ido, ba wanda ya yi mamaki. Na gane ba shi kaɗai aka faɗa wa ba. Allin da ke hannuna ya karye, ban san na matse shi ba.

Mun san da mutanen. Duk wanda ya fito daga wajen Sabuwa yana da labarinsu. Ba su ne masu satar shanu da mutane ba. Su waɗannan da sallama suke shiga ƙauye, su raba dabino da magani, su ce za su kare talaka daga ɓarayin daji, su yi wa'azi mai daɗi. Sai an sake da su sannan a ji makaranta haramun ce, hakimi da liman duk ɓatattu ne, kuma ana bukatar samari. Wanda ya bi su, da wuya uwarsa ta sake ganinsa.

Na tare shi a bayan gida yana watsa wa tantabaru gero. Na shiga da zafina, kamar yadda na saba, na kawo aya na kawo hadisi, na kawo abin da malaman gari ke faɗa. Ya bar ni na gaji don kaina. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Malama, tunda aka kashe ubana, wa ya taɓa tambayata yadda aka yi? Ni na iske shi. Ni na jawo shi bakin kunyar gona na rufe shi da karan dawa. Su sun tambaye ni. Sun zaunar da ni, sun ba ni shayi, sun kira ni da sunana. Babbansu har kuka ya yi."

Na ce uwarsa fa, yana ganin ita ba ta kukan ne?

"Yaya na da ɗiya da yawa," ya ce. "Ba ta rasa ni."

Ni da ake cewa ko kasuwa ta watse ba na rasa ta cewa, ranar na rasa.

Magana ta kai kunnen Alhaji, don yara ba su da rufi. Ya zo da kansa, ya zauna a zaure ya kira mu, ni da Inna. Mutumin kirki ne, amma ɗan kasuwa ne, ya san buhu ɗaya mai ƙwari yana lalata rumbu. Ya ce ba zai zuba ido a lalata masa marayu ba. Ko yaron ya bar gidan, ko ya kai maganar wurin hukuma su san yadda za su yi da shi. Na ce, "Alhaji, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In muka kore shi, mu da kanmu muka kai masu shi har gida." Ya ce to in kawo dabara. Ya dubi Inna ya ce ita me ta gani. Ta sunkuyar da kai ta ce duk abin da Alhaji ya yanke daidai ne. Ko a nan ma ba za ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane ba. Alhaji ya ce zai saurara zuwa kasuwa mai zuwa, daga nan ba ruwansa.

Ban yi sallama da kowa ba na bi ta madafa. Tana tuƙa tuwo, hayaƙi ya cika wurin. Na ce mata ta kira yaron nan ta zaunar da shi a tabarmar da take zaunar da 'ya'yan wasu.

"Malama, ba a yi. Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Mi mutane za su ce?"

"Waɗanne mutanen? Suna ina? Wa ya rage da zai ce?"

Ta ci gaba da tuƙi.

"Ya san ina son shi," ta ce a hankali. "Naman da ke ƙasan tuwonshi wa ke sa mashi?"

"Ya ɗauka rabo ne ya faɗo mashi."

Daga nan bakina ya kufce. Na ce mata in aka kawo mata gawarsa, ko ba a kawo ba ma, sai ta ci gaba da kunyar, ta ce a gaya wa wancan Allah ya jiƙansa. Muciyar ta tsaya. Ta dube ni da idanun da suka yi ja, ban sani ba ko hayaƙi ne. Ta koma tuƙinta. Na fita ina huci, ina jin haushinta, ina jin tausayinta, ina jin kamar in haɗa akwatina in koma Ƙanƙara in huta.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su kamar mai ƙaiƙayi. In shiga aji in fito, in leƙa bayan gida, in leƙa zaure. In ba na ganin yaron, sai gabana ya faɗi. In na gan shi kuma, sai natsuwarsa ta fi ba ni tsoro. Ya daina gardama da kowa. Ya gyara ƙofar madafa da ta daɗe a karye, ya tara icce har ya kusa kai kan katanga.

Da safiyar ranar kasuwa na ji yara na murna a bayan gida. Na je na tarar ya raba musu tantabarunsa, kowa da tasa, yana nuna musu yadda ake riƙe fiffike. Da ya gan ni ya miƙe ya ce, "Malama, in na taɓa yi maki wani abu ki yafe mani." Na ce me ya faru. Ya ce ba komai, rai ne. Ya sa wankakkiyar rigarsa, ga wata 'yar leda a hammata. Mai zuwa lodin buhu ba ya sa wankakkiyar riga.

Na ruga na gaya wa Inna. Tana wanke wa wata yarinya kai, ta ɗauraye ta tsaf, ta goge ta, ta miƙa wa wata babba. Ta shiga ɗaki ta fito da babban mayafinta. Tunda na zo gidan ban taɓa ganin ta taka bakin titi ba. Ta wuce Baba mai gadi a zaure, ya miƙe tsaye yana kallonta, ta hau bayan a-kori-kurar da ke kai mu kasuwa. Na ɗauko takalmina a hannu na bi ta.

Yaron ya gan mu. Ya zauna a can ƙarshe ya ba mu baya, ƙafafunsa na reto. Hanyar duk ramuka ce, mota na jefa mu sama tana cafewa, gonakin dawa sun rufe gefe da gefe, kowa a motar na satar kallon daji. Mun yi nisa sannan Inna ta taɓa ni.

"Malama, ki ce ma wancan in ya ida lodi ya biyo mota."

Na ce, "Na aje aikin nan yau. Ga ki ga shi."

Ta dube ni kamar na kwance mata zani a kasuwa. Ta dubi bayansa. Leɓɓanta suka motsa, na rantse na ga sun motsa, amma ba abin da ya fito. Haka muka shiga Yankara.

Kasuwa ta cika maƙil. Mota na tsayawa ya dira, bai nufi rumfar hatsi ba, ya kutsa ta layin masu barkono. Inna ta sauko da ƙyar ta bi shi. Ni ina bayanta ina ture mutane ina ba da haƙuri. Da za ta kira sunansa sau ɗaya da ya waiwayo, amma sai ta bi shi da ƙafa kawai, mace mai jiki tana haɗa gumi, mayafi na zamewa tana ja. Muka wuce masu tukwane, muka wuce turken awaki, har bayan rumfunan masu gyaran babur inda kasuwa ta ƙare.

Wani mutum na zaune a kan babur a gindin ɗorawa. Na zaci zan ga dodo. Sai na ga mutum mai tsabta, mai sanyin fuska, irin wanda za ka ba ajiya. Yaron ya ba shi hannu ya hau baya. Mutumin ya taka babur ya tashi. Kafin ya saki, Inna ta iso ta kama ƙahon babur ɗin da hannu biyu ta tsaya a gaban taya, tana haki.

"Baiwar Allah, lafiya?" in ji mutumin, da ladabinsa. Ya waiwaya ya tambayi yaron, "Wace ce?"

"Mai kula da gidan marayun ce," yaron ya ce, idonsa a ƙasa.

"To, Hajiya, Allah ya saka da alheri, kun yi riƙo. Yanzu ya girma. Ya gaya mana ba shi da uwa ba shi da uba, mu kau irinsu muke riƙewa. Ki sakar mana hanya."

Na ga maganar ta shige ta. Amma ba ta saki ƙarfen ba. Masu gyaran babur sun fara ajiye sifana suna matsowa, wasu mata masu tallan fura suka tsaya. Duk abin da Inna ta gina rayuwarta a kai yana hana ta buɗe baki a gaban wannan taron. Ni kuwa maganar na bakina, tana ƙona ni. Na cije leɓe na riƙe ta, don in na faɗa, aike ne na sake kaiwa.

"Yana da uwa," ta ce. Sai ta ɗaga murya. "Ɗana ne. Ni na haife shi, shi ne na fari. Ban ba ka shi ba, ban ba kowa ba."

Sannan ta dubi yaron a ido, ta kira sunansa, ta ce ya sauko.

Mutumin ya dubi taron da ke ƙaruwa. Irinsu ba sa son ido. Ya yi murmushi ya ce ai ba a yi haka ba, tunda akwai mahaifiya sai a bi a hankali. Ya ce wa yaron ya sauka, za su haɗu wani lokacin. Yaron ya sauko. Inna ba ta saki ƙahon ba sai da ta ga ya tsaya a ƙasa, sannan ta matsa. Babur ya bi ta cikin gonaki ya ɓace. Wata mai fura ta ce, "Allah ya shirya mana zuri'a," aka ce amin aka watse. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kunya ta dawo mata a lokaci guda, har sai da na riƙe hannunta muka koma wurin mota.

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba. An daɗe ana fama. Limamin unguwa ya yi ta zama da shi, Alhaji ya karɓe wayar ya kuma hana shi zuwa Yankara, daga baya ya kai shi Funtuwa koyon gyaran injin ban ruwa. Sai da aka yi wata da watanni kafin ya sake shan ruwa a zaure tare da Baba mai gadi. Ƙananan ma sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna kwance abin da aka ɗaura musu. Har yau in na ji an ce an ga baƙin masu wa'azi a wani ƙauye, sai na kira Funtuwa na ji muryarsa kafin in iya cin abinci.

Amma a ranar, shi ya loda buhunan duka, bai bari kowa ya taya shi ba. Da muka kamo hanyar gida bai koma ƙarshen mota ba, ya zauna a kan buhun da ke kusa da ita, ya dai ba ta baya. Mota na ta faɗawa ramuka, rana ta karkata. Mun kusa shiga Faskari sai na ji ya yi gyaran murya. Bai juyo ba, kuma ba da ni yake ba.

"Mi kika ce ma mutumin nan? Ban ji ba, hayaniya ta yi yawa."

Ya ji. Duk bayan kasuwar Yankara sun ji. Na dubi Inna, na kawar da kai na kama kallon gonaki. Fuskarta na cikin mayafi. Sannan na ji ta, can ƙasa da ƙarar injin.

"Na ce ɗana ne."